Yadda za ka zauna lafiya da wutar City Power idan ka sauka a Johannesburg

Wanda ya taso a Kano ko Zariya ya san yadda ake yi da wuta. In an ɗauke, a jira. In taransifoma ta ƙone, mai unguwa ya zagaya da littafi, kowane gida ya kawo nasa. Da wannan sabon ne yawancinmu muke sauka a Johannesburg ta Afirka ta Kudu, kuma shi ne yake fara ja mana asara, domin a can wutar yawancin unguwanni tana hannun wani kamfani ne mallakar hukumar birnin, sunansa City Power, wanda yake da nasa ƙa'idojin. Ya fara aiki a 2001, lokacin da birnin ya rarraba ayyukansa ga kamfanoni a ƙarƙashin shirin iGoli 2002: ruwa aka ba Johannesburg Water, shara aka ba Pikitup, wuta aka ba City Power. Aikin kamfanin shi ne sayo wutar da sari, mafi yawa daga Eskom, kamfanin wuta na ƙasa, kaɗan daga tashar kwal ta Kelvin da ke kusa da filin jirgin O.R. Tambo, sannan ya rarraba ta gida-gida.

Ga yadda ake bi, daga ranar neman gida har ranar miƙa makulli.

Da farko, gano mai wayar da ta shigo gidanka

Kada ka biya kuɗin haya sai ka san wannan. Zama a cikin Johannesburg ba ya nufin kana kan layin City Power. Soweto, Diepsloot, Orange Farm, Ivory Park da babban ɓangaren Sandton, Eskom ce take ba su kai tsaye. Tsakiyar gari kuwa, da Hillbrow, Berea, Yeoville, Mayfair, Fordsburg, Randburg, Roodepoort, Lenasia da Alexandra, na City Power ne. Wato unguwannin da mutanenmu suka fi sauka, ko don kusa da masallatai da naman halal kamar Mayfair da Fordsburg, ko don sauƙin haya kamar Yeoville, duk suna hannun kamfanin birni.

Akwai kuma kashi na uku da ya fi rikitar da baƙo. A benaye masu ɗakuna da yawa, sau da dama ginin gaba ɗaya mita ɗaya gare shi a wajen City Power, sai mai ginin ya sa wani kamfani mai zaman kansa ya kafa wa kowane ɗaki ƙaramar mita. Kana sayen wuta, kana zuba lambobi, kana zaton da hukumar birni kake hulɗa, alhali ita ba ta ma san da zamanka ba. Irin wannan mita tana da nata kuɗin hidima a kan farashin wuta, kuma in ta lalace mai gida za ka nema.

Saboda haka tambayi mai gida ko dillali abu uku, ka rubuta amsar. Mitar ta waye? Mene ne lambarta? Akwai bashin hukumar birni a kan gidan? Tambaya ta uku ita ce mutane suke jin nauyin yi, ita ce kuma mafi muhimmanci. Birnin yana haɗa harajin gida da ruwa da shara da wuta a takarda ɗaya, da sunan mai gida. In ya tara bashi, kai da ka biya hayarka daidai za ka iya wayar gari an yanke. Ka ce a nuna maka takardar watan da ya wuce. Mai gidan kirki ba ya ƙin nunawa.

In ka shiga gini ka ga wayoyi sun yi saƙar gizo-gizo a matakala, wani saurayi ne yake karɓar kuɗin wuta hannu da hannu ba rasit, ka juya. Mutanen can suna kiran masu irin wannan haɗi izinyoka, wato macizai. Ranar da aka zo yanke ginin ba wanda zai tambaya ko kai ka biya.

Ranar da ka tare

Kafin ka buɗe jaka, nemo akwatin makunnai, wanda suke kira DB. Yawanci yana kicin ko bayan ƙofar shiga. Za ka ga babban makunni, da wani mai ɗan maɓalli na gwaji wanda yake yanke wuta da kansa idan ta sami hanyar zuba ƙasa, sai ƙananan makunnai na fitilu, soket, murhu da giza, wato tankin ruwan zafi. Danna maɓallin gwajin. In wuta ta ɗauke, yana aiki, ka mayar da shi sama. In ba ta ɗauke ba, ka sanar da mai gida a rubuce a ranar, domin wannan makunnin ne yake tsakanin ɗanka da ajali ranar da ya tura cokali a soket.

Ɗauki hoton mitar yadda lambarta da yunit ɗin da ke ciki za su fito, ka tura wa mai gida ta WhatsApp don kwanan wata ya zauna. Duba hatimin da aka ɗaure mitar da shi. In a tsinke yake, kada ka taɓa, ka ɗauki hoto ka sanar. Kamfanin yana zagayen binciken mitoci, kuma wanda aka samu a gidan shi ake fara yi wa tambaya.

Ƙarfin wutar daidai yake da na gida, bolt 230, don haka kayan da ka zo da su za su yi aiki. Filogin ne ba zai shiga ba. Namu mai ƙafa uku masu faɗi ne, nasu ƙafa uku ne manya masu zagaye. Sayi adafta biyu ko uku a kowane babban kanti. Kada ka yi dabarar nan ta feƙe waya a tura da tsinken ashana.

Sayen wuta

Mitar iya kuɗinka iya shagalinka, wato mitar kati, ita ce ta fi yawa a gidajen haya. Za ka ba da lambar mita, yawanci lamba 11, ka biya, a ba ka tokin mai lamba 20. Ana saye a Shoprite, Checkers, Pick n Pay, Spar, gidajen mai, ƙananan shagunan unguwa da suke kira spaza, da manhajar banki idan ka buɗe asusu. Karon farko ka sayi kaɗan, ka duba suna da adireshin da suka fito a rasit. Tokin na mita ɗaya ne tak. In ka kuskure lamba ka saya wa wani gida, dawo da kuɗin wahala ne.

A gidaje da yawa ainihin mitar tana waje a cikin akwatin titi ko kan turken wuta, abin da ke ɗakinka ɗan allo ne mai maɓallai da yake magana da ita ta cikin wayar gidan. A nan baƙi suke shan wuya. Yunit ya ƙare da tsakar dare, gida ya yi duhu, ka sayo tokin, ka je zubawa ka tarar allon ma ya mutu. Batir yake buƙata. Ajiye sababbi irin nasa a cikin aljihun tebur tun yau. Idan za ka zuba, jona allon a soket na bango kai tsaye, ba ta doguwar waya ba, kunna soket ɗin, ka bar babban makunni a sama, ka kashe manyan kaya, sannan ka danna lambobin a hankali.

In mita ta ƙi karɓar tokin alhali lambobin daidai suke, ka tuna da abin da ya faru a Nuwamba 2024. Duk mitocin da ke kan tsarin STS, wato tsarin tokin mai lamba 20, suna ƙirga lokaci ne daga 1993, ƙirgen kuma ya cika a ranar 24 ga watan, shi ya sa aka ce kowa ya sabunta mitarsa da wasu tokin guda biyu na musamman. Mu ma a Najeriya an yi wannan sanarwar a daidai lokacin. Gidan da ya daɗe a rufe yana iya kasancewa ba a sabunta tasa ba. Danna 1844 6744 0738 4377 2416. In ta nuna 2 ko 2.2 an sabunta. In ta nuna 1 ko 1.2, ka koma wa mai gida ya je ofishin yanki na City Power da takardunsa, kada ka ci gaba da zubar da kuɗi.

Yanzu maganar farashi, wadda ita ce ta fi cancanta a tsaya a kanta. Wutar City Power hawa-hawa ce. A tsarin 'yan shekarun nan na mitar kati, yunit 350 na farko a wata suna kan farashi mafi sauƙi, daga 350 zuwa 500 ya ɗaga, abin da ya haura 500 ya ƙara ɗagawa. Lissafin yana bin abin da ka saya ne a cikin watan, ba abin da ka ƙona ba, kuma yana komawa sifili ranar 1 ga sabon wata. Abu biyu ke fita daga nan. Na ɗaya, kada ka ga kuɗi sun shigo ka ce bari in sayi wutar wata uku lokaci guda in huta, domin rabin kuɗin zai tafi a farashi mai tsada. Na biyu, yunit ba ya ruɓewa. In gidanka yana cin 250 a watannin zafi, ka riƙa cika 350 kowane wata, ragowar ta taru a mita ta jira sanyi. In kuma wuta ta kusa ƙarewa ranar 28 ga wata bayan ka riga ka wuce hawan farko, sayi ɗan abin da zai kai ka ranar 1 kawai.

Tun Yuli 2024 an ƙara wani kuɗi na tsaye a kan masu mitar kati, a lokacin rand 200 a wata, ya zama 230 idan an sa harajin kaya. Daga cikin kuɗin tokin ake cire shi. Shi ya sa za ka biya kuɗi iri ɗaya sau biyu a wata ka ga yunit ɗin ba su zo daidai ba. Duba rasit, a rubuce yake. An yi ta cacar baki a kansa a birnin, an kuma ɗauke wa masu ƙaramin ƙarfi da suka yi rajista da hukuma, amma baƙo ɗan haya kada ya sa rai. Sabon farashi yana fara aiki ne ranar 1 ga Yuli kowace shekara, bayan NERSA, hukumar da ke kula da farashin wuta a ƙasar, ta amince, wato a tsakiyar sanyi, lokacin da ake cin wuta fiye da kullum.

Kada kuma ka bari mita ta kai sifili kafin ka saya. A Yuli 2019 masu kutse sun kulle kwamfutocin kamfanin da manhajar neman fansa, mutane da kuɗinsu a hannu suka kasa sayen wuta. Yunit 30 ko 40 na ajiya ba su da yawa.

Abin da yake cinye yunit

Ni giza ce ta koya mini hankali. Tankin ruwan zafi ne da ake ɓoyewa a saman silin, ba ka ganinsa, ba ka jin ƙararsa. Satina na farko na zuba wutar da nake zaton za ta kai ni ƙarshen wata. Kwana tara na ga ɗan jan haske yana ƙiftawa a allo. Na tsaya gaban mitar da jallabiya ina zargin maƙwabta da jan wutata, har wani dattijo da ke share harabar ginin ya shigo, ya buɗe akwatin makunnai, ya sauke guda ɗaya da yatsa. Ƙiftawar ta koma a hankali kamar bugun zuciyar mai barci. Bai ce komai ba, ya nuna silin ya fita.

Lissafin ba wuya. Yunit ɗaya shi ne kilowat ɗaya na awa ɗaya. Gizar gida mai lita 150 tana jan kusan kilowat 3, don haka awa uku tana dumama ruwa yunit 9 ke nan. Hita mai kilowat 2 in ta yi awa biyar kowane dare ta ci 10, a wata 300, ta kusa cinye hawan farko ita kaɗai. Fitilu, talabijin da cajin waya ba su ne matsala ba. Duk abin da yake yin zafi shi ne ɓarawon: giza, hita, murhun lantarki, butar dafa ruwa, dutsen guga.

Birnin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,750, kuma sanyinsa daga Yuni zuwa Agusta ne, lokacin da gida ake tsakiyar damina. Da asuba yakan sauka kusa da sifili, gidajen kuma ba a gina su don riƙe ɗumi ba. Ba wanda zai ce ka yi alwala da ruwan famfo a watan Yuli. Abin yi shi ne a sa wa giza agogon da zai kunna ta awa ɗaya ko biyu kafin asuba ya kashe, ko ka riƙa yi da hannu daga akwatin makunnai. Bargo mai lantarki ya fi hita araha nesa ba kusa ba. Girki kuwa, ƙaramar tukunyar gas tana rage kuɗi, tana kuma ceto ka ranar duhu. Kada dai a kunna gawayi a ɗaki a rufe ƙofa, kowane sanyi sai an ji labarin waɗanda hayaƙin ya kashe.

Idan wuta ta ɗauke

Kada ka zauna jira kamar a gida. Bi wannan jerin.

Duba allon mita ko yunit ne ya ƙare. Duba akwatin makunnai. In makunnin gwajin nan ne ya faɗi, cire duk filogi, ɗaga shi, ka riƙa mayar da kaya ɗaya bayan ɗaya har ka gano wanda yake kayar da shi. Sau da yawa buta ce ko tsohon dutsen guga. Wannan matsalar cikin gida ce, ta mai gida da ma'aikacin wuta mai lasisi, kamfani ba ya shiga.

In komai lafiya a ciki, leƙa waje. Maƙwabta ma duhu? To ko dai ɗaukewar jadawali ce ko lalacewa. Ta jadawali ita suke kira lodshedin: wutar ƙasa ta gaza, sai Eskom ta sanar da mataki, kowane mataki kusan megawat 1,000 ake ragewa, a bi unguwanni da awanni. Shekarar 2023 ita ce mafi muni, sai aka tsaya daga ƙarshen Maris 2024 har sama da kwana 300. Sauke manhajar EskomSePush, sa sunan unguwarka, za ta gaya maka ko lokacinku ne. Akwai kuma wata ɗaukewar ta daban da kamfanin birni ya riƙa yi da safe da yamma a 2024, a unguwannin da nauyi ya yi wa taransifoma yawa, don kada ta ƙone.

In ba ko ɗaya, lalacewa ce, sai kai rahoto. Shiga citypower.mobi a wayarka, yi rajista tun kafin ranar buƙata, sa lambar mita da adireshi, ka bayyana matsalar. Za a ba ka lambar shaida mai farawa da CPWEB. Ta waya kuma akwai layin hukumar birni, 0860 562 874. Waɗanda ke kan Eskom nasu 08600 37566 ne. Lambar shaidar nan ita ce komai. Ba ta, ba ƙorafi. Kowa ka je wa, ita zai fara tambaya. Kada ka ce ai maƙwabci ya kai, kowane gida ya kai nasa, yawan rahoto ne yake nuna musu girman abin da kuma inda ya tsaya.

Daga nan ka tura lambar a zauren WhatsApp na unguwa. Kusan kowace mazaɓa tana da irinsa, kansila yana ciki, yana tattara lambobin ya miƙa wa ofishin yanki. Ofisoshin guda takwas ne: Inner City, Hursthill, Reuven, Randburg, Roodepoort, Midrand, Alexandra da Lenasia. San naka, domin da sunansa ake fitar da sanarwa a shafin kamfanin na X. Tun da kamfanin na birni ne, kansila yana da bakin magana a kansa, kuma yana son ƙuri'ar maƙwabtanka ko da kai ba ka zaɓe. A ganina wannan ita ce babbar ribar wutar da take hannun hukumar gari, akwai wanda za a riƙe wa riga.

Sau da yawa satar kebul ce ke jawo doguwar ɗaukewa. Wayoyin tsakiyar gari a ƙarƙashin ƙasa suke, na jan ƙarfe, ɓarayi suna haƙa su sayar. A farkon Mayu 2024 gobara ta tashi a ramin kebul da ke ƙarƙashin babbar hanyar M1 kusa da Braamfontein, unguwannin kewaye suka yi kwanaki a duhu. Saboda haka ka tanadi fitila mai caji da batirin cajin waya, kada kuma ka cika firij da naman wata guda.

Da zarar an ɗauke, kashe giza da hita da murhu, ka cire talabijin da kwamfuta daga soket, ka bar fitila ɗaya a kunne. In an dawo da ita, jira minti goma ko sha biyar. Lokacin da gizar unguwa gaba ɗaya ta tashi tare ne layi yake sake faɗuwa, kuma dawowar farko ce take ƙona kaya. Haka ma lokacin hadarin yamma daga Oktoba zuwa Maris, tsawar garin ba ta wasa ba ce.

Ba a haɗa kuɗin taransifoma a can, ba a kuma ba ma'aikaci na goro. Wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce daga kamfani yake, ya nemi kuɗi a hannu don kada ya yanke, ka nemi katin aikinsa ka kira layin hukuma yana tsaye. Wanda ya ce zai gyara maka mita ta daina gudu, ko ya sayar maka da tokin rabin farashi ta WhatsApp, tara da yankewa yake sayar maka, ga shi kai baƙo ne mai takardun zama da kake lallaɓawa.

In an yanke saboda bashin da ba naka ba

Kana da haƙƙi, ko da sunanka ba ya kan takarda. A 2009 Kotun Tsarin Mulki ta yanke hukunci a shari'ar Joseph da hukumar birnin Johannesburg cewa 'yan haya ma sai an ba su sanarwar kwana 14 kafin a yanke wa gininsu wuta. Don haka in ka ga an manna takarda a ƙofar gini, ka karanta, ka ɗauki hoto, ku taru ku tunkari mai gida tun kwanakin ba su cika ba. Shi kansa mai gida ba shi da ikon kashe maka wuta don ka makara da haya sai da umarnin kotu. In ya yi, akwai kotun sasanta rikicin haya ta lardin Gauteng, kyauta ake shigar da ƙara. Je da yarjejeniyar haya, rasit ɗin tokin da hotunan da ka ɗauka ranar tarewa.

Mai niyyar sa sola ko inbata ya nemi izinin mai gida a rubuce, ya kira mai lasisi wanda zai ba da takardar shaidar cewa haɗin ya bi ƙa'ida. Duk solar da za ta haɗu da layin gari sai an yi mata rajista da City Power. Ɗan haya dai ƙaramin akwatin batir mai taya, wanda ake jonawa a soket, ya ishe shi fitila da intanet da talabijin, kuma zai tafi da abinsa.

Ranar tashi, ka daidaita sayenka tun sati biyu kafin nan, domin yunit ɗin da ya rage a mita ba a mayar da shi kuɗi, ba a kuma ɗauke shi zuwa sabon gida. Ɗauki hoton allon da hatimin, tura wa mai gida, ka miƙa ɗan allon tare da makulli a gaban shaida, don in ya ɓata daga kuɗin ajiyarka za a cire. Sannan ka goge tsohuwar lambar mita daga manhajar banki, kada wata na gaba ka saya wa wanda ya gaje ka wuta da hannunka.